Yadda Ake Gane Baƙon Tsiro Dangin Agugu a Daji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Jos ko na Kagoro da damina, ko ya gangara bakin wata ƙorama mai inuwa a tsaunin Mambila, ba zai rasa cin karo da wasu tsirrai masu lallausan ganye ba, wanda aka tsattsaga kamar gashin tsuntsu. Ba su fure, ba su 'ya'ya, ba su kuma da ƙwayar iri irin wadda manomi ya sani. Galibin mutane sukan wuce su da sunan ciyawa kawai. Amma a wurin masana ilmin tsirrai, wani babban rukuni ne mai zaman kansa, mai nau'i fiye da 10,000 a duniya, wanda kuma ya riga tsirrai masu fure bayyana a bayan ƙasa. An sami sawun ganyensu a jikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 300.

Sunayen da Hausa ta ba waɗannan tsirrai na ɗaiɗaiku ne. A littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, likita J. M. Dalziel ya kawo kalmar agugu a matsayin sunan saiwar ɗaya daga cikinsu da ake maganin tsila da ita, ya kuma kawo mashin zomo a matsayin sunan wani ƙarami mai ganye guda. Saboda haka a wannan darasi za a riƙa kiran rukunin gaba ɗaya da suna dangin agugu.

Manufar darasin ita ce a nuna wa ɗalibi matakan da zai bi idan ya tsinci wani ɗan wannan dangi da bai sani ba. Ginshiƙin maganar guda ne: fuskar ganye tana yaudara. Sai an juya bayan ganyen, an kuma duba gindin tsiron, sannan ake samun shaidar da za a dogara da ita.

Abin da Kuskuren Suna ya Taɓa Jawowa

Mai karatu na iya tambaya, mece ce fa'idar wahalar neman sunan tsiron da ba a ci, ba a sayarwa? Labarin tafkin Kariba ya isa amsa. Wannan tafki ya samu ne bayan an datse kogin Zambezi tsakanin ƙasashen da a yau ake kira Zambiya da Zimbabuwe. A 1959 aka fara lura da wani tsiro dangin agugu yana yawo a saman ruwan. Kafin ƙarshen 1962 ya rufe kimanin murabba'in kilomita 1,000, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin. Ya toshe hanyar jiragen ruwa, ya hana masunta jefa koma, ya tare haske da iska daga shiga ruwa.

Masana na lokacin suka ce ai Salvinia auriculata ne, wani tsiro da aka sani a Kudancin Amurka. Bisa wannan suna aka je wuraren da yake tsirowa, aka ɗebo ƙwarin da ke cin sa, aka sake su a Afirka da wasu ƙasashe. Ƙwarin ba su yi wani abin a zo a gani ba. A 1972 wani masani mai suna D. S. Mitchell ya nuna cewa tsiron Kariba nau'i ne dabam, ya sa masa suna Salvinia molesta. A saman ruwa su biyun kamar an tsaga kara. Bambancin yana ƙarƙashin ruwa, a yadda 'yan ƙunshin haihuwarsu suke jeruwa, da kuma cewa na tsiron Kariba galibi fanko ne, domin ta hanyar kakkaryewa yake yaɗuwa.

Da aka gyara suna, sai neman asali ya canza alƙibla. A 1978 masu bincike daga Ostireliya suka gano mahaifarsa a kudu maso gabashin Birazil, suka kuma sami wani ƙwaro mai dogon baki, irin mai huda hatsi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba sosai. A 1980 aka sake shi a tafkin Moondarra na Ostireliya, cikin shekara guda da 'yan watanni ya cinye shimfiɗar tsiron. Shi kansa ƙwaron sai daga baya aka tabbatar sabon nau'i ne, aka raɗa masa suna a 1985. Da wannan ƙwaro aka shawo kan tsiron lokacin da ya mamaye kogin Senegal daga 1999. Ashe ke nan kuskuren suna ya ci shekaru da dukiya mai yawa. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Yadda Dangin Agugu ke Haihuwa

Kafin a shiga matakan ganewa, wajibi ne a fahimci yadda waɗannan tsirrai ke yaɗuwa, domin a nan alamominsu suke. A 1753 Linnaeus, wanda ya kafa tsarin ba tsirrai suna biyu-biyu da Latinanci, ya sanya su cikin rukunin da ya kira Cryptogamia, ma'ana masu ɓoyayyen aure, saboda ba a ga fure a jikinsu ba. A 1794 aka buga bayanin wani likita mai suna John Lindsay, wanda ya shuka ƙurar da ke zubowa daga bayan ganyensu a tsibirin Jamaika, ya ga ta tsira. A 1851 kuma Bajamushe Wilhelm Hofmeister ya bayyana zagayen rayuwar tasu baki ɗaya.

Ga yadda abin yake. A bayan ganye akwai wasu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, waɗanda a galibin nau'o'i kowace ke ɗauke da ƙwayar ƙura 64. Wannan ita za a kira ƙurar haihuwa. Jakar tana da wani zobe mai tauri a jikinta. Idan iska ta bushe, zoben yakan lanƙwashe baya a hankali, sannan ya dawo da ƙarfi ya watsa ƙurar kamar majajjawa. Jakunkunan ba su cika zama ɗai-ɗai ba, sukan taru su yi curi, wanda masana ke kira sorus da Latinanci. Wani curin yana da ɗan siririn mayafi da ya rufe shi, wato indusium, wani kuwa a buɗe yake.

Ƙurar haihuwa ba iri ba ce, domin babu jaririn tsiro a cikinta. Idan ta faɗa wuri mai laima, sai ta zama wani ɗan faifai kore mai siffar zuciya, wanda bai kai faɗin farce ba. A ƙasan wannan faifai ake samun sassan namiji da na mace. Ƙwayoyin namiji ba su da hanyar isa ga ƙwan mace sai ta yin iyo a cikin ruwa, ko da ɗan danshin raɓa ne. Daga haɗuwarsu ne tsiro mai ganyen da aka saba gani yake fitowa. Wannan buƙata ta ruwa ita ce dalilin da ya sa dangin agugu suka yawaita a kurmi da tsaunuka, suka kuma yi ƙaranci idan aka doshi Sahel, inda sai a tsagar dutse, ko bakin rijiya, ko fadama.

Lokaci da Kayan Aiki

Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Hausa shi ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, sa'ad da curin jakunkuna suka nuna. Kayan aikin ba masu tsada ba ne: gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, da rula, da wuƙa ko ɗan ƙarfen tono, da littafin rubutu da fensir, da tsofaffin jaridu, da leda. Wayar hannu mai ɗaukar hoto tana da amfani ainun. A kuma sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda, domin tsagar dutse mai sanyi da tsiron ke so, maciji da kunama ma suna son ta.

Mataki na Ɗaya: A Tabbatar Ɗan Dangi ne

Tsirrai da yawa suna da tsattsagaggen ganye. Ƙaramar tsamiya da ɗorawa da bagaruwa duk suna iya ruɗar sabon ɗalibi. Alamomi uku ke raba gardama. Na farko, sabon ganyen dangin agugu yakan fito ne a nannaɗe, kamar yadda ƙadandoniya ke naɗewa idan an taɓa ta, sannan ya riƙa warwarewa daga ƙasa zuwa sama. Mashin zomo da masu yawo a saman ruwa su ne fitattun da ba su bin wannan ƙa'ida. Na biyu, ba a samun fure ko 'ya'ya ko alamar inda suka faɗi. Na uku, a bayan wasu daga cikin manyan ganyaye za a ga curin jakunkuna, masu launin ƙasa-ƙasa idan sun nuna.

Mutane da dama sukan ɗauki waɗannan curi a matsayin cuta ko ƙwan ƙwari. Hanyar bambancewa ita ce tsari. Curin haihuwa a jere suke, daidai wa daida a kowane ɗan ganye, alhali cuta da ƙwan ƙwari a warwatse suke ba tsari. Haka kuma kainuwa, wadda ke yawo a saman kududdufi, ba ta cikin wannan dangi, domin tana da ɗan ƙaramin fure a ɓoye a tsakiyar ganyenta.

Mataki na Biyu: A Rubuta Mazauni

Kafin a taɓa tsiron, a rubuta inda aka same shi. Shin a ƙasa yake, ko a tsagar dutse, ko a jikin bango, ko a kan itace, ko cikin ruwa? A rana yake ko a inuwa? Ƙasar yashi ce, ko laka, ko marmara? Wannan bayani kaɗai yakan rage yawan waɗanda ake zato. Alal misali, Platycerium a jikin itatuwa yake maƙalewa a kurmin bakin rafi, ba tare da ya sha ruwan jikinsu ba, saɓanin kauci. Actiniopteris kuwa ɗan tsagar dutse ne a wurare masu fari. Da rani yakan ƙanƙance ya bushe kamar ya mutu, idan ruwa ya sauka ya sake miƙewa.

Mataki na Uku: A Duba Gindi

Abin da ake gani a sama ganye ne kawai. Karan galibin dangin agugu a kwance yake, a ƙarƙashin ƙasa ko a samanta, kamar na citta, kuma daga jikinsa ne saiwoyi sirara ke sauka. A share ƙasa a hankali a duba abu biyu. Na farko, karan gajere ne a tsaye, ganyaye sun fito a dunƙule kamar an ɗaure tsintsiya, ko kuwa dogo ne mai rarrafe, ganyaye na fitowa ɗai-ɗai da tazara? Na biyu, me ya lulluɓe karan da gindin ganye: gashi ne sirara, ko kuwa ɓawo masu faɗi irin na jikin kifi? Da gilashin ƙara girma za a ga launin ɓawon da siffar gefensa. Masana suna dogara da wannan alama ƙwarai, domin ba ta canzawa da yawan rana ko inuwa kamar yadda girman ganye ke yi.

Wasu suna da ƙarin alama a gindi. Nephrolepis undulata, wanda ya yaɗu a dazuzzukan Afirka masu damina da rani, yana yin 'yan ƙullutu a ƙasa, ganyensa ya mutu da rani, ya sake tohowa daga ƙullutun da damina. Akwai kuma waɗanda karansu ke miƙewa sama ya zama kamar itace, irin waɗanda ake gani a bakin ƙoramun Mambila da Obudu.

Mataki na Huɗu: A Ƙirga Rabon Ganye

Ganye yakan fara ne daga inda ya rabu da kara, don haka sandar da ke ɗauke da shi ma ɓangarensa ce. A auna tsawon ganyen duka, da tsawon sandar. A lura da launinta: koriya ce, ko launin kara, ko baƙa mai sheƙi kamar waya? Sannan a ƙirga rabo. Idan ganyen falle guda ne, ba rabo ke nan. Idan ya kasu zuwa 'yan ganyaye hagu da dama kamar na dabino, rabo ɗaya ne. Idan kowane ɗan ganye ya sake kasuwa, rabo biyu ne, haka har zuwa uku ko huɗu. A ɗaga ganyen sama ta wajen haske a ga jijiyoyinsa, ko sun tafi gefe a rarrabe, ko sun sassarƙe kamar raga.

A nan ake buƙatar hattara. Ganyen ƙaramin tsiro bai cika kama da na babba ba, kuma na inuwa ya fi na rana faɗi da laushi. A wasu nau'o'in ma ganye mai ɗauke da ƙura yana da siffa dabam da marar ƙura. Don haka a duba tsirrai da dama a wurin, kada a yanke hukunci da ganye guda.

Mataki na Biyar: A Juya Bayan Ganye

Wannan shi ne mafi muhimmanci. A nemi ganyen da curinsa suka nuna amma ba su gama fashewa ba, domin mayafin yakan yanƙwane ya faɗi idan sun tsufa. Tambayoyi uku ake yi: wace siffa ce da curin, a ina yake zaune, kuma yana da mayafi? A jinsin Dryopteris curin zagayayye ne, da mayafi mai siffar ƙoda. A Asplenium dogo ne kamar zane, kwance a jikin jijiya, mayafinsa a manne ta gefe guda. A Pteris layi ne miƙaƙƙe a bakin ganye, gefen ganyen ya naɗo ya rufe shi kamar kalmasar riga. A Adiantum gefen ganyen ne ke lanƙwasowa gutsure-gutsure, jakunkunan na manne a jikin abin da ya lanƙwaso. A Platycerium babu curi ko kaɗan, jakunkunan sun bazu ne sun yi faffaɗan tabo mai launin ƙasa.

Mabuɗin Gwaji

Littattafan masana suna amfani da abin da ake kira mabuɗi, wato jerin bayanai biyu-biyu masu karo da juna. Ɗalibi zai zaɓi wanda ya dace da tsironsa, ya bi lambar da aka nuna, har ya isa ga suna. Sunan farko na Latinanci shi ne jinsi, na biyu shi ne nau'i. Wannan ɗan mabuɗi yana kaiwa ga jinsi goma sha ɗaya kawai.

1. (a) Yana yawo a saman ruwa, a je 2. (b) Yana kafe a ƙasa, ko laka, ko dutse, ko itace, a je 3.
2. (a) Ganyaye mitsi-mitsi masu hawa juna, dukan tsiron bai fi kan yatsa ba: Azolla. (b) Ganyaye biyu-biyu masu gashi a sama, kowane ya kai faɗin farce: Salvinia.
3. (a) 'Yan ganyaye huɗu a kan siririyar sanda, a laka ko ruwa marar zurfi: Marsilea. (b) Ba haka ba, a je 4.
4. (a) Ganye falle guda marar rabo, da wani tsinke mai jakunkuna a tsaye kamar mashi: Ophioglossum, wato mashin zomo. (b) Ba haka ba, a je 5.
5. (a) A jikin itace, ganye iri biyu, ɗaya ya rungume itacen, ɗaya yana reto: Platycerium. (b) Ba haka ba, a je 6.
6. (a) Ganye kamar na giginya amma ɗan ƙarami: Actiniopteris. (b) Ganye kamar gashin tsuntsu, a je 7.
7. (a) Bayan ganye da farin gari, jakunkuna a baje bisa jijiyoyi: Pityrogramma. (b) Ba haka ba, a je 8.
8. (a) Curi ɗai-ɗai a jere kusa da gefe, da mayafi kamar ƙoda ko jinjirin wata, ganye rabo ɗaya: Nephrolepis. (b) Gefen ganye ne ya naɗo ya rufe jakunkuna, a je 9.
9. (a) Naɗin gutsure-gutsure ne, sanda baƙa siririya mai sheƙi: Adiantum. (b) Naɗin dogon layi ne, a je 10.
10. (a) Kara gajere mai ɓawo, ganyaye a dunƙule: Pteris. (b) Kara dogo mai gashi can cikin ƙasa, ganyaye manya ɗai-ɗai masu kusurwa uku: Pteridium.

A ɗauka cewa ɗalibai sun sami wani tsiro a gindin dutse mai inuwa cikin watan Satumba. Tsawonsa santimita 25, sandarsa baƙa mai sheƙi, 'yan ganyayensa kamar rabin wata, gefensu ya lanƙwaso a wurare da dama. Za su bi 1(b), 3(b), 4(b), 5(b), 6(b), 7(b), 8(b), su tsaya a 9(a), wato Adiantum. Saura nau'i. Tun da ganyen rabo ɗaya ne, ba gashi, kuma kowane ɗan ganye yana kan 'yar siririyar sanda, zato ya fi karkata ga Adiantum philippense. Da a ce rabo biyu ne ko uku, da sai a duba wasu 'yan'uwansa, irin su Adiantum capillus-veneris. Idan kuwa tsiro ya ƙi dacewa da ko ɗaya daga cikin zaɓi biyu, kada a tilasta masa suna. Alama ce cewa ba ya cikin wannan mabuɗi, sai a nemi wanda ya fi shi faɗi.

Adana Samfuri da Neman Tabbaci

Sunan da mabuɗi ya bayar zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. Tabbaci sai an gwada da samfurin da masana suka riga suka tantance. A yanki cikakken ganye mai ƙura tun daga gindinsa, da ɗan guntun kara. Idan tsirran wurin ba su da yawa, a bar karan, a wadatu da hoto da ganye guda. A shimfiɗa samfurin tsakanin jaridu, a juya wasu 'yan ganyaye domin bayansu ya kalli sama, a danne da katako da abu mai nauyi, a riƙa canza jaridun kullum har ya bushe. Sannan a manna shi a takarda mai kauri, a rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha, da kwanan wata, da irin mazauni, da sunan wanda ya tsinto, da sunan da mutanen wurin ke kiransa in akwai. Samfurin da ba shi da wannan bayani ba shi da daraja a wurin masana.

A Nijeriya akwai babban ɗakin adana busassun tsirrai a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, akwai kuma a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Littafin A. H. G. Alston da aka buga a 1959 kan dangin agugu na Afirka ta Yamma har yanzu ana komawa gare shi, sai dai sunaye da yawa sun canza. Misali, tsiron da Dalziel ya danganta agugu da shi da sunan Nephrodium filix-mas, a yau Dryopteris filix-mas ake kiransa. A 2016 ma wata ƙungiyar masana ta duniya ta fitar da sabon tsarin rarraba dangin baki ɗaya, bisa binciken ƙwayoyin gado. Manhajojin waya irin su iNaturalist da Pl@ntNet suna taimakawa, amma hoton da aka ba su shi suke karantawa. Wanda ya ɗauki fuskar ganye kaɗai, amsar fuska zai samu. A ɗauki hoton dukan tsiron, da bayan ganye daga kusa, da gindi.

Gargaɗi Game da Guba

Kada a ɗanɗana, kada kuma a ba dabba, tsiron da ba a tabbatar da shi ba. Pteridium aquilinum, wanda ke mamaye makiyaya a tsaunuka irin su Mambila, wuta ba ta kashe shi saboda zurfin karansa. Yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, wanda ke sa dawaki tangaɗi, da kuma wani dafi da masu bincike suka tace daga jikinsa a 1983, mai jawo wa shanu fitsarin jini da ciwon daji na mafitsara idan sun daɗe suna cin sa. Ƙaramin ɗalibin da ya iya bambanta shi da Pteris zai iya ceton garken mahaifinsa.

Shi ma agugun maganin tsila ba abin wasa ba ne. Likitocin Turai sun daɗe suna amfani da shi, amma suka bar shi saboda idan ya yi yawa yana makantarwa, har ya yi kisa, kuma yanzu akwai magungunan asibiti da suka fi shi aminci. A 1861 wasu matafiya biyu, Burke da Wills, sun mutu a dajin Ostireliya suna cin garin ƙunshin haihuwar wani nau'in Marsilea, wanda mutanen ƙasar suka san yadda ake sarrafa shi. Masana da dama na ganin sinadarin nan mai lalata bitamin B1 yana cikin abin da ya ƙarasa su. A ɗaya ɓangaren kuma, Azolla yana ɗauke da wasu ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka daɗe suna amfani da shi a matsayin taki. Tsirrai biyu na iya yawo a ruwa ɗaya, ɗaya taki, ɗaya annoba.

Aikin Aji

Malami na iya sa ɗalibai su kifa ganye mai nunannun curi a kan farar takarda, a wurin da ba iska, su bar shi ya kwana. Da safe za su ga ƙurar ta zana siffar curin a kan takardar. Sai a sami guntun jan bulo, a tafasa shi domin kashe gansakuka, a sa shi a roba mai haske da ɗan ruwan da aka tafasa ya huce, a barbaɗa ƙurar a kansa, a rufe, a ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa. Bayan wasu makonni za a ga kore-kore, daga nan 'yan faifai masu siffar zuciya su bayyana, bayan wasu watanni kuma ganyen farko ya fito. Ɗalibai su riƙa zana abin da suka gani kowane mako.

Kammalawa

An ga cewa gane baƙon tsiro dangin agugu aiki ne na bin matakai: a tabbatar ɗan dangi ne, a rubuta mazauni, a duba gindi, a ƙirga rabon ganye, a juya bayansa, sannan a kai wa masana samfuri. Fasa duwatsu da sare kurmin bakin rafi suna rage wuraren da waɗannan tsirrai ke zama. Makarantar da ta tara samfura 20 na yankinta, kowane da cikakken bayani, ta ajiye shaidar da masu bincike za su yi aiki da ita shekaru masu zuwa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo alamomi uku da ke raba dangin agugu da ƙaramar tsamiya.
2. Me ya bambanta ƙurar haihuwa da ƙwayar iri?
3. Don me dangin agugu suka yi ƙaranci a yankin Sahel?
4. Bayyana yadda kuskuren suna ya jinkirta yaƙi da tsiron tafkin Kariba.
5. Da waɗanne alamomi makiyayi zai bambanta Pteridium da Pteris?